Kashen Ɗan Baba a Kan Raƙuman Dawa

A shekarar da fari ya ƙone gero tun yana kara, zamanin mulkin soja, Ɗan Baba na zaune bakin kasuwar Mayahi yana rubuta wa mutane wasiƙu, yana saida tambur, wato kan sarki na liƙa wa wasiƙa. Yana da kashe, wato hatimi na roba mai ɗauke da sunansa, wanda yake ji da shi kamar ɗan fari.

Wata ranar kasuwa wani anasara mai rabon dawar taimako, mutumin ƙasar Irlanda, ya zo sayen tambur. Da hira ta yi daɗi sai ya zaro wani littafi cike da tsofaffin tambura, kowanne da kan wani sarki mai gemu, an danna baƙin rubutu bisa fuskarsa.

"Wa ya ɓata wa dattijo fuska?" in ji Ɗan Baba.

Anasara ya ce da ƙasarsu ta samu ƴanci ba su da tambur nasu, sai suka buga sunansu kan na Ingila. Shi su yake tarawa. Waɗanda aka fi nema kuwa su ne masu kuskure: rubutu a kife, ko harafi ya ɓace. Akwai wanda ya fi raƙumi daraja.

Ɗan Baba bai ƙara jin komi ba bayan "raƙumi". Yana isa gida ya baje tamburansa masu hoton raƙumin dawa bisa tabarma, ya kife kashe, ya shiga dannawa. Matarsa Zuhura ta leƙo.

"Malam, lafiya?"

"Kuskure nike yi, kada ki ruɗe ni."

Da ya kai masa su, anasara ya yi dariya har da hawaye, ya ce kuskuren ganganci ba ya da kasuwa. Ɗan Baba ya ga ba zai yi asara biyu ba, ya ci gaba da liƙa su kan wasiƙun mutane. Fosta ta maido da su duka. Tsofaffin da suka rubuta wa ƴaƴansu a Kano da Abijan suka taso masa, har jandarma ya zo ya tasa ƙeyarsa zuwa gaban kumandan.

Kumandan ya jujjuya ambulan, ya karkata kai don ya karanta.

"Kai ne ka buga sunanka kan tambur na gwamnati? Juyin mulki ka yi?"

"Ranka ya daɗe, kuskure ne."

"Dukansu?"

Ashe labari ya riga ya bazu cikin gari. Anasara ya shigo ya yi bayani, kumandan na cije leɓe kada dariya ta kubce masa.

"Tunda hannunka ƙaiƙayi yake," ya ce, "ga buhunan taimako can sito. Ka buga wa kowanne kashe, a miƙe."

Aka sa soja guda yana duba shi. Kullum da la'asar mai sito na auna masa tiya guda ta dawa ladan wahala. Kafin ruwa ya sauka, Ɗan Baba ya yi kumatu, har maƙwabta suka fara tambayar Zuhura wane irin laifi ne mijinta ya yi.