Muƙamuƙin Suruki

Shekara huɗu Kamilu yana auren Lauratu, bai taɓa kallon mahaifinta ido da ido ba. Daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya gai da ƙasa.

Ran Talata da hantsi yana zaune a ɗakin shan magani na ƙauyen Balan, inda shi kaɗai ne ma'aikaci, sai ga Keke Napep. Surukinsa Malam Umara ya sauko, baki wangame, yawu na dalala. Yayarsa Hajja na biye da shi.

"Hamma ya yi, ɗan nan," in ji Hajja. "Hamma ɗaya tak, bakin ya ƙi komawa. An yi tofi, an yi hayaƙi, shiru."

Kamilu ya saci kallo. Haƙoran ƙasa sun turo gaba, gefen kunne ya lotsa. Muƙamuƙi ne ya goce. Gyaran minti biyu ne. Amma dole sai ya tsaya a kan surukinsa, ya cusa masa yatsu a baki.

Malam Umara ma ya gane. Ya nuna hanyar asibitin Gaya da hannu, yana "Aaa! Aaa!"

"Gaya?" in ji Hajja. "Ka ratsa gari a haka, kowa ya ƙirga giɓinka? Zauna, Umara."

Ya ƙi. Kamilu ma ya ƙi ɗagowa. Ƙuda ya shiga bakin, ya fito.

Hajja ta yi tsaki. Ta dankwafar da ƙanenta a kan kujera 'yar tsuguno, ta ja hularsa har kan hanci.

"To, ba ya ganinka. Bismillah."

Kamilu ya sa safar hannu, ya naɗe manyan yatsunsa da bandeji, ya ɗora su a kan turamen haƙoran Malam na ƙasa. Ya danna ƙasa a hankali, ya tura baya. Ƙas! Baki ya rufe, har da yatsa ɗaya a ciki. Kamilu ya haɗiye ihun. Ya zare, ya ɗaure masa haɓa, ya raɗa wa Hajja: kunu da fate na sati biyu, ban da rake, in hamma ta zo a tallafe haɓa. Ya sulale ta ƙofar baya.

Malam Umara ya ɗage hula, ya motsa baki.

"Likitan nan ya iya aiki. Wane ne?"

"Baƙo ne," in ji Hajja.

Da la'asar Kamilu ya durƙusa a zauren surukinsa, hannu ɓoye cikin aljihu.

"Baba, an ce ba a ji daɗi ba."

"Da sauƙi," in ji Malam Umara, yana kallon bango. "Kai ma Allah ya ƙara sauƙi."