Tsarabar da Aka Zarga

Katin hoto na kawo wa Auta tsaraba da na dawo daga karatu. Ita ta zaɓa tun ina can, ta turo mini sunansa da hotonsa, har da gargaɗin kada in yarda a ba ni mai kama da shi. Katin hoto shi ne sashen kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Nata ya tsufa. Wasan yaƙin da take bugawa da ƙungiyarta ta intanet ya fi ƙarfinsa, sai hoton ya riƙa ɗingishi, kafin ta ga abokin gaba har ya gama da ita.

Na san sabon katin mai cin wuta ne, don haka na haɗo da sabon akwatin raba wuta, wanda ke zaune cikin kwamfutar yana ba kowane sashe rabonsa. A kan teburin cin abinci na kwance ta, na sa su duka biyun, na ɗaure. Ta tashi lafiya lau. Auta ta rungume ta zuwa ɗakinta, ko godiya ba ta tsaya yi ba.

Washegari aka fara. In rubutu take yi ko kallon fim, babu komai. Amma da ta shiga wasa, faɗa ya yi zafi, allon ya cika da wuta da hayaƙi, sai ɗif. Allo ya yi baƙi. Can sai kwamfutar ta sake tashi da kanta kamar ba ita ta yi ba.

Ranar Asabar da la'asar ƙungiyarsu za ta shiga gasa. A dokar gasar, wanda ya ɓace a tsakiyar wasa ba a jiransa, abokansa su ƙarasa da giɓi. Shugaban ƙungiyar, wanda suke kira Kyaftin, bai yi mata kwana-kwana ba: za su yi gwaji ɗaya da rana kafin gasar, in ta sake ɓacewa wani zai hau kujerarta. Ta daɗe tana zaman jiran kujerar nan, kuma wanda zai gaje ta ba irin masu tashi ba ne in sun zauna.

A gida kuwa an riga an yanke hukunci. Baba a kamfanin inshora ya yi aiki har ya yi ritaya, ya baro wurin da imanin cewa duk abin da zai iya ƙonewa yana kan hanyar ƙonewa ne.

"Injiniya," ya ce da ni muna cin abincin rana. Ba ya kirana haka sai zai tsokane ni. "Kafin ka dawo, na'urar nan ko tari ba ta taɓa yi ba."

"Kafin in dawo ko gudu ba ta iyawa, Baba."

"Amma tana isa inda za ta. Yanzu ka koya mata gudu, ka haɗa mata da suma."

"Ku bar shi ya ci abinci," in ji Umma, tana ƙara mini miya. "Yaro ya yi shekaru yana karatu a ƙasar sanyi, ya dawo kwamfuta ɗaya ta gagare shi. Ai yana bukatar ƙarfi."

Auta ba ta yi dariya ba.

A makon ina ta zirga-zirgar neman aiki, sai ta ɗauki kwamfutar ta kai wa Mai Gyara na bakin titi ba tare da ta gaya mini ba. Ranar Juma'a da yamma ta dawo da ita, fuska a murtuke.

"Me ya ce?"

"Wuni guda ta yi a shagonsa ba ta mutu ba. Shi da kansa ya zauna ya buga wasan, har ya ɓata mini matsayi."

"To?"

"Ya ce katin ne bai saba da iskar nan ba. Wai in mayar da tsohon, wannan a ajiye shi ya huta."

"Kati ba baƙo ba ne, Auta. Ba ya sabo, ba ya hutu. Da kika dawo da ita fa?"

"Ina shiga faɗa ta mutu." Ta kalle ni. "Yaya, in tsohon zan mayar ka gaya mini yanzu. Gara in yi ɗingishi da in ɓace."

"Da tsohon ba za ki ɓace ba, za a dai kashe ki a gaban kowa. Katin nan lafiyarsa ƙalau. Ki ba ni safiyar gobe."

Ban faɗa don in kwantar mata da hankali ba. Mai Gyara bai san dalili ba, amma ya ba ni abu mai amfani: kwamfuta ɗaya, wasa ɗaya, tana rayuwa a can tana mutuwa a nan. Abin da ya rage shi ne a gano me ya bambanta can da nan.

Da safe na shiga ɗakinta. Gado, teburin karatu, tsohon kabad na katako da ya cinye rabin bango, takalma a ko'ina. Na ce mata abu ɗaya za mu riƙa canzawa, mu gwada, sannan mu taɓa na gaba. Wanda ya canza abu uku a tare, ko ya gyara bai san me ya gyara ba.

"A shago a buɗe take ko a rufe?"

"A buɗe. Da fanka a kanta."

Zafi ke nan na fara zargi. Na cire murfin gefe, na ɗauko fankar ƙasa na saita mata, na buɗe manhajar da ke nuna zafin kowane sashe. Auta ta sa abin kunnenta, ta shiga. Lambobin suka hau kaɗan suka tsaya inda ya kamata. Faɗa ya yi zafi. Ɗif.

"Ba zafi ba ne," na ce.

Na zare sandunan ram guda biyu, inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, na goge, na mayar da ɗaya kawai. Ɗif. Na canza da ɗayar. Ɗif. Na bi wayoyin da ke kai wa katin wuta, kowace na zare ta na sake dannawa har ta yi ƙas. Na goge manhajar katin na sa wata sabuwa. Ɗif.

Rana ta ɗaga. Wayar Auta ta cika da saƙonnin Kyaftin har cajinta ya kusa ƙarewa, ta jona ta a doguwar soket ɗin da ke ƙarƙashin tebur, inda kwamfutar da allon suke jone. Na riga na duba soket ɗin tun farko. Mai kauri ce, ba ta da tabon ƙuna, igiyar wutarta ta shige bayan kabad zuwa bango.

Baba ya leƙo, hannu a baya.

"Injiniya, ana samun sauƙi?"

"Ana rage masu laifi, Baba."

"Ka fara da wanda ya zo ƙarshe," ya ce, ya wuce.

Auta ta cire abin kunnen ta jefa kan gado. "Yaya, ɗauko tsohon kawai."

"Saura gwaji ɗaya. Ki sake shiga. Wannan karon ba zan kalli allo ba."

"Me za ka kalla?"

"Ba komai. Saurare zan yi."

Duk safiyar idona na kan allo da lambobi, fankar ƙasa tana ruri a kunnena. Na kashe ta. Na zauna a ƙasa, na juya wa teburin baya, na jingina da ƙafar kujerarta. Ina jin yatsunta a kan maɓallai, ina jin fankokin katin suna ƙara sauri. Sai na ji ƙas, can wajen kabad. Komai ya yi tsit. Jim kaɗan wayar Auta ta yi 'yar ƙarar nan da waya ke yi in an jona ta a caji.

Na miƙe.

"Kin taɓa wayar?"

"A'a."

"To me ya sa ta ce an jona ta yanzu?"

Ta kalli wayar, ta kalle ni.

"In ciwon a cikin kwamfutar yake, babu ruwan wayarki," na ce. "Wutar ce ke ɗaukewa daga soket ɗin gaba ɗaya, ta dawo. Ba suma kwamfutar take yi ba, shaƙe ta ake yi. Zo ki kama mini kabad."

Muka tura shi da ƙyar, wani akwatin takalma ya faɗo mini a ka. A bayansa, ɗaure a bango da kusoshi, ga wani ƙaramin sitabilaiza mai launin toka, irin wanda ake sa wa rediyo ko ƙaramar talabijin don ya daidaita wuta. Wayar soket ɗin a cikinsa ta shiga, ba a bango ba. Na ɗora hannu a kansa. Da zafi kamar murfin tukunya.

Ba sai an gaya mini wa ya sa shi ba. Tun muna yara wuta ta taɓa zuwa da ƙarfi ta ƙone mana talabijin da firji a rana ɗaya. Daga ranar Baba ya kafa doka: babu abin da za a jona a bango kai tsaye a gidansa. Ya kuma san 'ya'yansa, don haka yake ɓoye sitabilaizan inda hannu ba ya kaiwa. Wannan ya ishi tsohon katin. Sabon kuwa, da faɗa ya yi zafi ya ja wuta da yawa, sai ƙaramin akwatin ya ga nauyi ya fi ƙarfinsa, ya yanke don kare kansa, ya huce, ya dawo.

Na kira Baba na nuna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya taɓa akwatin, ya janye hannu da sauri.

"Wato aikinsa yake yi," ya ce.

"Aikinsa yake yi. Kayan ne suka fi shi. Bari in jona ta a bango, na yau kawai."

"Ba a gidana ba."

"Baba, akwatin da na sa a cikinta yana da kariyarsa."

"Talabijin ɗin da ta ƙone ma an ce tana da kariyarta."

"Baba, don Allah," in ji Auta. "Kyaftin ya ce in hau yanzu."

Ban tsaya gardama ba. Mutum ba ya rushe dokar shekaru a tsaye a bakin ƙofa. Cikin dokar na nemi hanya.

"Babban sitabilaizan falo fa? Zai ɗauke ta har da saura."

"Wancan a ɗaure yake da bango. Kuma talabijin ɗina da firizar uwarku a kansa suke."

"Ba zan cire shi ba. Kwamfutar zan kai masa. A zare firiza da talabijin zuwa magariba."

"Yau akwai ƙwallo."

"Akwai, Baba."

Ya juya ya kalli Auta. Daga kicin Umma ta ɗago murya, ashe duk tana ji.

"A zare firizar, amma duk wanda ya buɗe mini ita nama ya narke, shi zan dafa. Kai kuma Malam, 'yan ƙwallon nan naka yaushe rabon su ci?"

Baba ya juya ya nufi falo. Da muka fito da kwamfutar, har ya durƙusa ya zare filogin talabijin da hannunsa.

Muka ɗora ta a teburin tsakiya, Auta ta zauna a kan kafet ta harɗe ƙafafu, ta sa abin kunne. Baba ya koma kujerarsa, wadda ke fuskantar talabijin da yanzu ba ta nuna komai, sai ya ɗan karkata ta. Bai taɓa ganin abin da 'yarsa ke yi a ɗaki ba. A wurinsa duk "danne-danne" ne.

Gwajin ya fara. Na tsaya kusa da babban sitabilaizan ina kallon allurarsa mai nuna ƙarfin wuta. Suka ratsa wani rusasshen gari, suka isa wata gada, nan faɗan ya ɓarke. Allon ya cika da wuta, fankokin katin suka ɗauki kuka. Allurar ta ɗan motsa ta koma wurinta. Babu ƙas. Wayar Auta na kan kafet jone da caji, ba ta ce uffan ba.

"Wacece ita a ciki?" Baba ya tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"Mai jar hula."

Ya matso bakin kujera. Can sai ya daka tsawa har Umma ta leƙo da ludayi a hannu.

"Bayanki! Ke Auta, ga wani nan a bayanki!"

Ba ta jinsa, amma ta riga ta gani. Ta juya, ta gama da shi, ta wuce.

Aka kai ƙarshen gwajin, kwamfutar ko gezau. Auta ta ɗaga gefe ɗaya na abin kunnen, muka ji muryar Kyaftin siririya daga ciki yana cewa kujerarta ce, kada ta motsa daga inda take har la'asar.

"Ko ruwa ba zan tashi sha ba," ta ce masa. Sannan ta waiwayo. "Yaya, katin nan yana gudu."

"Na gaya miki."

Na koma ɗakinta na kwance ƙaramin sitabilaizan daga bango, na kawo wa Baba. Na ce zai ishi talabijin, in yana so in haɗa masa a ɗakinsa ya kalli ƙwallonsa. Ya karɓa, ya juya shi, ya ajiye a gefen kujera.

"Bari a gama wannan tukuna," ya ce. Ya nuna babban akwatin da ke bango da haɓarsa. "Ka dai gani da idonka, Injiniya. Da a bango ka jona ta, da yanzu wani labarin ake yi."