Ranar da 'Yar Gata Ta Taka Gishiri

A garinmu, da zarar ganye ya zube, iska ta fara kaɗowa daga tafki, duk mai tsohuwar mota irin ta mijina sai ya shiga hidimar ɓoye ta. Ba sanyin ake gudu ba. Gishirin da ake watsawa a titi don ya narkar da ƙanƙara, shi ne abin tsoro, don ta ƙasa yake shiga ya cinye ƙarfe. Arvo, mijin nawa, ya fi kowa tsanani a wannan harka. Zai cika mata tanki, ya canza baƙin mai, ya ɗora ta a kan katako, ya cusa tsumma a salansa saboda ɓeraye, ya lulluɓe ta da bargo kafin ya sa tamfol. Sannan ya rungumo batir ya shigo da shi falo, ya ajiye kusa da murhu, daidai inda nake miƙe ƙafata. Daga nan ba ta sake ganin rana sai watan Mayu.

Ja ce wur, ƙirar 1970, mai dogon gaba. In ya tayar da ita a gareji, kofunana har rawa suke yi a kicin. Ni na laƙaba mata 'Yar Gata, da gatse na faɗa, amma sunan ya bi ta har shi ma ya ɗauka. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, ban taɓa riƙe sitiyarinta ba. Kullum maganar ɗaya ce: "Bari Mayu ya kama, Ilene, zan koya miki." Mayu ya kama, sai ya ce titi bai gama bushewa ba.

A hunturun bara huhunsa ya gaza. Aka kwantar da shi a asibitin da ke hayin gada, a ɓangaren da ake kai waɗanda magani ya gama yi musu abin da zai yi. Likita ta ja ni gefe ta ce kada in sa rai zai ga narkewar ƙanƙara. Muna cikin Fabrairu, dusar ƙanƙara ta kai rabin tagogin gidanmu.

Wata rana ina ba shi ruwa da cokali, ya juya fuska wajen taga ya ce, "Da zan ji muryarta sau ɗaya."

"Muryar wa?" na ce, ko da yake na sani.

"Kin sani mana."

Na gaya wa Reino, ƙanensa, wanda tun ranar aurena da Arvo ba mu taɓa haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Reino ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya nemo tsohon bidiyon motar a wayarsa, muka kanga wa Arvo a kunne. Ya saurara, ya yamutsa fuska.

"Wannan keken ɗinkin wa kuka ɗauko mini?"

A hanyarmu ta komawa na ce wa Reino gobe zan fito da ita.

"Za ki me?"

"Ka ji ni."

"Ilene, kin taɓu ne? Motar nan duk nauyinta a gaba yake, ƙarfinta kuma a tayoyin baya. Tayoyin ma na lokacin zafi ne, sumul suke. Ko tsakar gida ba za ki fita ba."

"To kai ka tuƙa."

Ya dubi hannunsa na dama da ke rataye a wuya. Ya faɗo ne daga kan rufi yana share dusar ƙanƙara, tsoho da shi, kafaɗa ta karye. Ya ce mu nemi tirela mu ɗora ta. Na tuna masa cewa tirelar maƙwabcinmu tana binne a bayan gida sai bazara, kuma Arvo ya sha faɗa cewa motar da aka ɗauko a tirela gawa ce. Reino ya ce, "In ya ga gishiri a jikinta, da ni da ke duk sai ya tsine mana."

"Ya tsine. Ai da baki zai yi, in ji muryarsa."

Da safe muka yaye tamfol. Ni na ɗauko batir daga falo, na ɗaura yadda Reino ke nuna mini da hannu ɗaya. Na sauke ta daga kan katako, na zare tsumman salansa, na jido buhunan yashi na loda a but don bayanta ya yi nauyi. Da na murza makulli, ta yi tari, ta yi tari, sannan ta kama. Ƙarar ta cika garejin har na ji ta a haƙorana. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, don warin kujerar warin Arvo ne.

"Ki tashi da giya ta biyu," in ji Reino, ya zauna a gefena yana riƙe da kafaɗa. "Totur kuma ki taɓa shi kamar akwai ƙwai a ƙarƙashin ƙafarki. Birki, ki manta an halicce shi."

Na yi shekaru ina tuƙa a-kori-kurarmu cikin kowane irin hunturu, na ɗauka na iya. Wannan daban ce. Ina taɓa totur sai bayanta ya karkata hagu, in gyara ya karkata dama. Gaban ya yi mini tsawo, ba na ganin inda ya ƙare. Sama fari, ƙasa fari, itatuwa baƙaƙe a tsaye gefen hanya, iska na kwaso dusar ƙanƙara tana shimfiɗa ta a kan titi. Na'urar ɗumama ciki ba ta aiki, don Arvo bai taɓa buƙatarta ba. Gilashi ya yi ta yin hazo, Reino na gogewa da hularsa.

"Sannu, direba. Kunkuru ma ya wuce mu ɗazu, ya ce in gaishe ki."

"Rufe mini baki ko in sauke ka a nan."

"Ki sauke ni mana, in riga ki isa."

Wasa yake yi, amma ƙafarsa na dannawa a ƙasa, yana neman birkin da ba shi da shi.

Da muka hau babban titi sai ga motar watsa gishiri a gabanmu, fitilarta na walƙiya. Babu hanyar wucewa, babu wata hanyar. Muka bi bayanta. Ina jin ƙwayoyin gishiri suna bugun cikin motar, tas, tas, tas, ruwan laka mai ruwan toka na fallatsa a ƙofofi. Motar da tun fitowarta daga kamfani ba ta taɓa taka gishiri ba.

A gangaren da ke sauka zuwa gada na yi kuskuren da aka hana ni. Na ga kwana na tahowa, gabana ya faɗi, na taka birki. Motar ta juya a hankali, ba ƙara, ba komai, na ga gada, na ga gidaje, na ga hanyar da muka fito, sannan bayanta ya nutse cikin tudun dusar ƙanƙarar da ke gefen titi. Inji ya mutu. Na zauna ina riƙe da sitiyari, ina cewa a raina shi ke nan, zai tafi bai ji ta ba.

Wani mai a-kori-kura ya tsaya, ya sauko yana kallon motar baki buɗe.

"Kai! Wannan ba motar Arvo Lahti ba ce? A Fabrairu? Ya rasu ne?"

"Bai rasu ba," na ce.

Ya dube ni, ya dubi Reino, sai ya gane. Ya ɗauko igiya, ya kwanta a ƙasa ya nemi inda zai ɗaura da ba zai kwarzane fenti ba, ya ja mu muka fito. Ya bi mu a baya da fitilarsa a kunne har muka haye gada.

Ɗakin Arvo a ƙasa yake, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Reino ya shiga ya roƙi Colleen, nas ɗin da ke kula da shi, ta ɗaga masa kan gado ta buɗe taga kaɗan. Na matso da motar har ƙarƙashin tagar, na cire giya, na taka totur da dukan ƙafata, karo na farko tun safe. 'Yar Gata ta yi ruri. Dusar ƙanƙara ta zubo daga kan rufin asibiti, tsofaffi suka leƙo ta tagogi. Na sake takawa. Ta cikin gilashi na ga Arvo ya rufe ido, bakinsa a buɗe, yana ɗaga yatsa ɗaya yana saukewa, yana bin bugun injin.

Na kashe na shiga da gudu, ko takalmi ban kakkaɓe ba. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ciwon.

"Ke kika tuƙo ta?" ya ce. Muryar ta shige, sai na sunkuya.

"Ni."

"Da giya ta biyu kika tashi?"

"Haka Reino ya ce."

"Reino bai san komai ba. Amma nan ya yi daidai."

Muka yi dariya, ya yi tari mai tsawo, na riƙe masa hannu. Da tarin ya lafa sai ya sake juyawa wajen taga. A nan ne ya ga jikinta da kyau. Gishirin ya fara bushewa, ya yi fari fat daga tayoyi har rabin ƙofa. Na ga murmushin yana barin fuskarsa.

"Gishiri," ya ce.

"Ai ba sama za mu bi ba, Arvo."

"Ki je ki wanke ta. Cikinta, ba sama ba. Bayan tayoyi, da wajen tanki."

"Gobe."

"Yanzu. In ya kwana ya kama."

"Haba Arvo! Na kusa kashe kaina da ƙanenka a gangaren gada don ka ji ƙarar nan, ko sannu ba ka ce mini ba, sai wanki? Ba inda za ni. Ta ruɓe mana!"

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na faɗa da ƙarfi har Colleen ta leƙo. Shi kuwa bai yi faɗa ba, ba shi da numfashin faɗa. Ya matse mini yatsu da ɗan ƙarfin da ya rage masa, idonsa ya cika da ruwa.

"Don Allah, Ilene. Ga wurin wanki can bayan gidan mai. Ki je ki dawo, ina nan."

Na dubi Reino. Ya ce, "Je ki, ina zaune da shi." Na ja hannuna, na ɗauki makulli, na fita ina ƙunƙuni, ban ko juya ba.

Wurin wankin irin wanda mutum ke yi da kansa ne, rumfa ce ta siminti da tiyo mai ƙarfi. Babu kowa, wa zai wanke mota a irin wannan rana? Na tuɓe babbar rigata na jefa a kujera don kada ta jiƙe, wayata na cikin aljihunta. Na durƙusa a kan simintin da ya daskare, na zura tiyo ƙarƙashin motar. Ruwan toka ya yi ta zubowa. Na bi bayan tayoyi ɗaya bayan ɗaya, na bi wajen tanki, na bi salansa har ƙarshe. Gwiwoyina suka mutu, ruwan da ya fallatsa a gashina ya zama ƙanƙara. Ina yi ina zaginsa a fili, shi da motar da taurin kansa. Amma na wanke ta sosai, don na san zai tambaye ni, kuma ban taɓa iya yi masa ƙarya ba. Sai da ruwa ya fito garau na tashi.

Da na shigo harabar asibitin na hango Reino a tsaye bakin ƙofa, cikin sanyin nan, babu riga mai kauri, hularsa a hannu. An rufe tagar ɗakin, an ja labule. Na kashe inji na zauna. Shi ya tako ya buɗe mini ƙofa.

"Na yi ta kiran wayarki," ya ce.

"Ya ce wani abu?"

"Da ya ji tashin motar ya ce, 'Ta tafi?' Na ce ta tafi. Ya ce, 'To.' Ya saurara har ƙarar ta ɓace. Daga nan bai sake magana ba."

Ƙasa a daskare take, ba a haƙa kabari a nan sai ta saki. Aka ajiye shi a ɗakin dutse na maƙabarta tare da sauran waɗanda hunturu ya ɗauka. Sai a watan Mayu muka binne shi, a makon da kowa ke yaye tamfol yana fito da motarsa. Muna tsaye bakin kabari ina jin rurinsu daga titi.

Bayan mun dawo gida Reino ya shiga gareji, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin 'Yar Gata da tocila. Ya fito yana kakkaɓe wando ya ce ko ɗigon tsatsa babu. Na ce ban tambaye shi ba. Ya tsaya yana murza hula, sannan ya ce shi dai a ganinsa da gangan Arvo ya aike ni, ya san lokaci ya yi, ba ya son in gani.

Na gode masa, na zuba masa kofi. Reino mutumin kirki ne, kuma na so ƙwarai in yarda da maganarsa, har yau ina so. Amma ni na zauna da Arvo shekara arba'in da ɗoriya, na ga inda idonsa yake lokacin da yake roƙona. Gishirin ne.