Gwajin Katako a Bayan Rumbu

Nadine ba gardamar bindiga ta kawo ta gonar ba. Ta zo ne ta kwashe bindigogin mahaifinta, Orval, domin likita ya ce mantuwarsa ta wuce ta tsufa. Yayanta kuma ya riga ya yanke magana: ranar da bindigogin suka bar gidan, tsohon ma sai gidan kula da tsofaffi na cikin gari.

Orval kuwa da taurin kai aka haife shi. Ya jera katakai a bayan rumbu, wani bayan wani, ya fito da bindigar hannu ta kakansa, mai ramukan harsashi masu juyawa, irin wadda ake ɗura wa albarushi da dunƙulen dalma.

"Ɗauko 'yar mitsitsiyar taki ta zamani," ya ce. "Wannan in kin harbi kurege da ita, waiwayowa zai yi ya tambayi wa ya taɓa shi."

"Baba, taka ai hayaƙi ne kawai da ƙara."

"To a gwada mana. In tawa ta fi huda katako, ki koma ki ce wa yayanki ina nan daram."

Ta yarda, kuma har cikin ranta so take ya ci. Ta harba tata, harsashin ya huda katakai kaɗan ya maƙale. Orval ya yi dariya har da tari.

Sai ya hau ɗuri, rami bayan rami: albarushi, dalma, a danna, a shafe da kitse, a sa 'yar hular tagulla mai tada wuta. Nadine ta shagala da kallon yatsun da suka koya mata aikin nan tun tana ƙarama, ba ta lura ya tsallake wa rami ɗaya albarushi ba.

Ya saita, ya ja kunama. Maimakon rugugi sai wani ɗan "tas" kamar an karya tsinke. Babu hayaƙi, katako ko gezau.

Nan take ta gane. Duk mai irin wannan bindiga ya san ƙarar: hular ce kaɗai ta tashi, ta tura dalmar ta toshe bututu. Wanda ya sake harbi a kai, a hannunsa bindigar za ta tarwatse. Orval da bakinsa ya sha koya wa mutane haka.

Ta jira ya sauke ta, tana roƙo a zuci ya tuna. Sai ta ji ƙas, ya sake ɗanawa, ya runtse ido ɗaya.

Ta cafke hannunsa, ta zare bindigar. Ya dube ta da mamaki, ko alamar gane dalili babu a fuskarsa, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Mene ne, 'yar nan? Bari ki ga yadda za ta ratsa su."

"Na gani, Baba, taka ta ci," ta ce. "Mu shiga ciki in haɗa maka kayanka."