Kukan Goggo a Bakin Kwara

Duk Gaya babu wanda bai san motar Hamani ba, wanda bai gan ta ba ma ya ji ta. Tsohuwar mota ce mai buɗaɗɗen baya, wani Bature mai kanti ya more ta har ya gaji, ya sayar da ita da zai koma gida bayan samun mulkin kai. 'Yan kasuwa suka raɗa mata suna Goggo, don sai ta yi tari ta yi kaki kafin ta tashi, kuma ba a gaggauta ta. Amma fa ita ke kwaso albasa da muruci daga Bengu, ta ɗauko busasshen kifi daga Tunuga, ita ke riƙe da gidan Hamani.

Mai kula da ita Komlan ne, makaniki ɗan Dahome da ya zauna Gaya tun zamanin Faransawa, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Hamani. Kowace Juma'a in Hamani ya tafi masallaci yakan bar Goggo a ƙofar gida, Komlan da ba ya salla sai ya shige ƙarƙashinta. In an tambaye shi me ya yi mata, sai ya ce, "Gaisawa kawai muka yi." Ladansa bai wuce kwanon tuwo daga hannun Bibata, matar Hamani, ba.

Sai gwamnatin Nijar da ta Dahome suka ɓata a kan tsibirin Lete da ke tsakiyar kogin Kwara, aka ce 'yan Dahome su tattara su koma ƙasarsu. Manya suka yi faɗansu a ofis, talakan Gaya ya rasa maƙwabci. Goggo ce ta kai Komlan da iyalinsa da akwatin ƙarafunansa bakin gada, suka ƙetara zuwa Malanbil ta Dahome a ƙafa, jandarmomi na kallo. Ba a daɗe ba aka rufe gadar.

Kafin damina ta faɗi Goggo ta sake murya. Wani bugu ya shiga injinta, kamar ana daka a fasasshen turmi, ga hayaƙi, ga shan mai. Hamani ya kai ta wurin Ɗanladi na tasha, mutum mai fara'a wanda duk ciwon mota a wurinsa buji ne, wato fulogi. Ya canja buji, Goggo ta ƙara da zazzaɓi. Ya sake taɓa wani wuri, fitila ta mutu. Da Hamani ya ga kowace taɓawa sabon ciwo take haifarwa, ya lallaɓa ta har Doso, garejin Alassan. Shi wannan ko sunkuyawa bai yi ba. Ya ce sai an sauke inji, a aiko da kaya daga Yamai, ya rantse zai mayar da ita amarya. Da ya faɗi kuɗin aikin sai da Hamani ya nemi wurin zama.

Abu ɗaya yake da shi da zai kai wannan kuɗi, fadamar da mahaifinsa ya bar masa a bakin kogi, inda Bibata ke noma shinkafa. Mai saye ma a shirye yake, Halidu mai kamiyo, babbar motar kaya, ya daɗe yana zagaya ta da ido. Hamani ya rasa abin da ke masa daɗi. In ya bar Goggo ta mutu, sana'a ta tafi. In ya sayar da fadama gyaran bai ɗore ba, ya yi biyu babu.

"Ban hana ka ba, Maigida," in ji Bibata, tana tsince shinkafa a faifai. "Amma wa ya gaya maka gaskiyar ciwonta? Mai buji ko mai rantsuwa?"

"Mai gaskiyar yana ƙetare."

"Gada aka rufe. Ruwan ma an sa masa ƙyaure ne?"

Gado masunci ne ya kai saƙo. Ranar da aka sa, da hantsi, Hamani ya gangaro da Goggo bakin Kwara, ƙasa da inda mata ke wanki. Can sai ga kwalekwale, Gado na tuƙi, Komlan na zaune a tsakiya, ya rame, furfura ta ƙaru. Da suka matso gaɓa Komlan ya ɗaga hannu, Gado ya kafa sanda a laka, jirgin ya tsaya.

"Sauko mana, maƙwabci," in ji Hamani.

"An hana ni ƙasar Nijar, ba zan taka ba," in ji Komlan. "Ruwa kuwa har yanzu gardama suke a kansa."

Suka gaisa. Komlan ya tambayi Bibata da yara, ya tambayi mangwaron da ya dasa a tsakar gidansa ko ana ba shi ruwa. Hamani ya ce ana ba shi. Sannan Komlan ya ce, "To, tayar da ita mu ji."

Hamani ya juya ƙarfen tayarwa, Goggo ta yi tarinta ta kama. Komlan ya rufe ido ya karkata kai. "Taka mata. Saki. Sake takawa." Matan wanki suka bar abin da suke yi suna kallon mutumin da ke duba mota daga cikin jirgi. Ya daɗe yana saurare kafin ya buɗe ido.

"Maƙwabci, kar ka sayar da fadama."

Zuciyar Hamani ta yi fari. "Ashe gyaran kaɗan ne?"

"A'a. Goggo ta gama. Cikinta ya cinye, ga tsagewa a jikin injin. Mutumin Doso zai gyara, ba ƙarya ya yi ba, za ta kai ka kaka. Daga nan ta koma wurinsa, a lokacin kuma babu fadamar sayarwa. Tun tana tafiya da ƙafarta ka kai ta ga masu sayen ƙarfe, tayoyinta da sauransu. Kai direba ne, Halidu ma yana neman hannu."

Hamani ya fi son a ce masa buji ne, kuma ya san wannan ce gaskiyar da ya yi ta yawon nema. "Yaushe ciwon ya kama ta?"

"Tun ina nan. Kowace Juma'a in ɗaure nan, in toshe can, ta kai wata Juma'ar."

"Haba Komlan! Me ya hana ka gaya mini?"

Komlan ya dubi ruwa. "Ina nan ai. Na ɗauka kullum ina nan."

Hamani ya koma mota ya ɗauko kwanon tuwon da Bibata ta ɗaure a tsumma, da kifi a kai, ya naɗe wando ya shiga ruwa har gwiwa ya miƙa. Komlan ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora a cinya bai buɗe ba. Baƙin ciki ya cika Hamani, kuma ya gane ba na motar ba ne kaɗai.

Gado ya zare sandarsa. Hamani ya juya zai kashe inji, don mai ya yi tsada tun da aka rufe gada.

"Bar ta tukuna," Komlan ya ɗaga murya. "Bari in yi nisa."

Hamani ya janye hannu. Ya tsaya a gaɓa, wandonsa na ɗiga, Goggo na bugawa a bayansa, jirgin na ƙanƙancewa a kan ruwa. Duk lokacin da ta nemi shiɗewa sai ya zura ƙafa ya taka mata kaɗan. Bai kashe ta ba sai da ya ga jirgin ya taɓa ɗaya gaɓar.