Wayar da Aka Jefa a Murhu

"A murhu na jefa ta," in ji Malam Tasi'u. "Ga ta can, in toka kika zo kwasa."

Sajan Uwaliya ta tsuguna gaban murhun, ta ɗauki kara tana tonawa. Warin ƙonanniyar roba bai gama barin tsakar gidan ba. Abin da ya rage na wayar wani baƙin dunƙule ne da ya manne da gawayi.

Shekaranjiya matarsa Bushira ta saci jiki ta je ofishin 'yan sanda, ta ba da labari tana toshe baki da mayafi. Wata mata ce ta ɓullo a wayar gidan, wai tana raba tallafin karatu ga 'yan mata. Ta tambayi 'yarsu Badi'a sunanta, ta nemi hotonta da kayan makaranta, sannu a hankali ta kai ga neman abin da baki ba ya iya faɗa. Da yarinyar ta tirje, sai muryar namiji ta fito: ko ta ci gaba, ko duk mutanen garin Gude su gani. Shekarun Badi'a goma sha uku.

Ranar Bushira ba ta zo da wayar ba, don kada maigida ya neme ta ya rasa. Motar ofis babu mai. Jiya kuma aka tura Uwaliya kotu ta wuni. Yau ta hau acaɓa ta zo, ta tarar labari ya riga ta shiga kunnen uba.

"Malam, da wayar nan za mu bi sawunsa. Kano za mu kai ta a buɗe."

"A buɗe? Wa zai buɗe? Maza su zauna a ofis suna kallon 'yata?" Muryarsa ta karye. "Daga nan a kai mu gaban alƙali, a kira sunanta a bainar jama'a. Shi kun san shi? Kun san garinsu?"

"Ba mu sani ba tukuna."

"To ita kowa ya san ta. Na ƙone, magana ta ƙare."

"Hotunan ba a wayar kaɗai suke ba, Malam."

"To ina suke?"

Bai jira amsarta ba. Ya shuri takalmansa ya fice masallaci.

Bushira ta ɗaga mata labulen ɗaki. Badi'a na zaune a ƙuryar gado, ta haɗa kai da gwiwa. Uwaliya ta zauna a ƙasa kusa da ita.

"'Yata, ba ki yi laifi ba. Kin riƙe lambarsa?"

"Kullum da sabuwa yake kira."

Can yarinyar ta ce wani abu ƙasa-ƙasa, sai da Uwaliya ta matso da kunne.

"Ya ce in na ba shi wata zai ƙyale ni."

"Kin ba shi?"

"Zulaiha. Gidansu ne bayan namu. Wayar yayarta take ɗauka." Hawaye suka zubo mata. "Ajinmu ɗaya a Islamiyya. Ba ta kai ni shekaru ba ma."

"Yaushe?"

"Sati biyu ke nan."

Bushira ta dafe ƙirji tana salati. Uwaliya ta miƙe. Babu mai ƙara, babu shaida, ta san abin da oganta zai ce kafin ta gama bayani.

"Baban Zulaiha yana gida?"

"Yana gona, sai la'asar," in ji Bushira.

Uwaliya ta dubi kakin jikinta. In ta shiga gidan a haka, kafin ta zauna an aika gona.

"Bushira, ara mini hijabinki, babba."

Ta cusa hularta a jaka, ta zumbula hijabin har ƙasa, ta zagaya ta bayan danga. A bakin zauren gidan su Zulaiha ta tsaya, ta yi sallama da muryar baƙuwar da ta zo gaisuwa.