Rigar Da Aka Ɗinka Wa Gem

Kwana goma sha biyu ke nan Dogo bai ce mata "Umma" ba. Gaisuwa kam yana yi, amma irin wadda ake yi wa maƙwabcin da ba a ga maciji da shi: ido a ƙasa, "ina kwana" a ciki-ciki, ya yi gaba. Abincin da ta zuba masa kuwa, yadda ta rufe shi haka take tarar da shi. Anti Tela, kamar yadda 'yan layin suke kiranta saboda ɗinkin da take yi a gida, tana ƙirga kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum ranta ƙara ɓaci yake. Yaro ɗan shekara sha biyar, wanda ta goya ta yi wa tsarki, wai shi ne zai yi mata yaji a gidanta. A kan me? A kan gem!

Shekara uku akwatin gem ɗin nan yana falonsu, ƙarƙashin talabijin. Ranar Asabar Dogo da babansa su buga ƙwallo suna ihu, Auta ƙanwarsa ta karɓa ta yi tseren mota. Ita Anti Tela ko hannun gem ɗin ba ta taɓa riƙewa ba, amma ita ke kula da kaya a gidan. Mace ce da ba ta iya ganin abu a tsirara. Firji da rigarsa, dikoda da rigarta, rimot ma sai da ta yi masa jaka. Wata biyar da suka wuce ta sami ragowar jan karammiski daga ɗinkin wata amarya, ta auna gem ɗin tsaf, ta sa soso da shafi, ta ɗinka masa riga mai zif, ta bar 'yar kafa a baya ta wayoyi. Duk wadda ta shigo karɓar ɗinki sai ta yaba.

Ran da abin ya faru tana kan keken ɗinki, wata da ta kawo ɗinki na zaune tana jira, sai ta ji Auta ta ƙwalla ƙara a falo. Ta tarar da talabijin ya yi baƙi, ɗakin na warin ƙonewar roba, ga Dogo durƙushe da gem ɗin a ƙasa yana fizgar rigar har zif ya tsinke. Ba ta tambayi komai ba. Me za ta tambaya, bayan ta gani da idonta? Ta ɗauke shi da mari a gaban babansa da Auta da baƙuwar da ta biyo ta.

"Wallahi ban yar da shi ba," in ji Dogo, hannu a kunci.

"Rufe min baki, maƙaryaci! Ba ka san darajar kaya ba."

Tun daga ranar bakinsa ya rufu.

A safiya ta goma sha biyun maigidan ya sake tayar da zancen a kan shayi, yana turo mata waya da hoton wani farin akwati.

"Kin ga sabon da ya fito. Tsohon nan dama ya sha jiki, wasanni da yawa ba sa hawa kansa. Mu sayi wannan kawai a wuce wurin, gidan nan ya zama kamar ana zaman makoki."

"Au, lada za a ba shi? Ya fasa ƙarami a saya masa babba? To gobe ya fasa talabijin mana, a kawo masa silima."

"Don yara ne ai."

"Don yara! Wane ne yake ƙwace hannun gem a wurin Auta har ta yi kuka? Ka faɗi gaskiya, kai ne hannunka ke ƙaiƙayi."

Maigidan ya kurɓi shayinsa. "To a kai wa mai gyara ya duba tukuna. Yaron nan ya rantse fa."

"Ni zan kai da kaina," in ji ta. "Ku biyun nan bakinku ɗaya. In mai gyara ya ce buga shi aka yi da ƙasa, kar wanda ya ƙara yi min zancen gem a gidan nan, sabo ko tsoho."

Kafin ta fita sai da ta zauna ta sa wa rigar sabon zif, ta mayar wa gem ɗin abarsa. Ba za ta ratsa titi da kaya a buɗe ba.

Shagon mai gyaran ɗan tsukuku ne tsakanin mai aski da mai sayar da caja. Matattun rediyoyi da wayoyi jibge har rufi, warin dalma ya cika wurin, ga wata fitila mai dogon wuya a kan tebur. Shi kansa dattijo ne, ya ɗaure ƙafar tabaransa da waya. Ya karɓi kayan ya juya shi a hannu, ya shafa karammiskin.

"Kai! Wa ya yi wannan ɗinki?"

"Ni ce," ta ce, karon farko da fuskarta ta ɗan saki a ranar.

"Hannu ya iya. In za a kunna ana cire masa?"

"A cire ƙura ta cinye shi? Malam, ni ba wannan ya kawo ni ba. Yaro ne ya yar da shi. Ka buɗe ka nuna min inda ya fashe."

Ya zuge zif, ya kwance kusoshi ɗaya bayan ɗaya yana jera su a murfin gwangwani, ya ɗaga murfin ya jawo fitila. Ya daɗe yana kallo, har ta fara buga ƙafa.

"Hajiya, wannan bai faɗi ba. Ko tsagewa babu. Shaƙe shi aka yi."

"Kamar yaya shaƙewa? Akuya ce?"

"Kin ga waɗannan 'yan ƙofofin a gefe da baya? Ta nan yake shan iska. Ga fankarsa. In yana aiki zafi yake yi sosai, fankar ta fitar da zafin. An toshe ko'ina da soso, ya yi ta dahuwa a ciki har ya ƙone."

"Ƙarya ne!" Muryarta har mai askin ya leƙo. "Ku masu gyara haka kuke, in kun rasa ta cewa sai ku ƙirƙiro. Wata biyar yana cikin rigar nan lafiya lau!"

"Ya yi ƙoƙari kuwa," in ji dattijon. Ya ɗauki ɗan hantsaki ya tsinko wani abu daga fikafikan fankar. "Miƙo hannunki."

Ya ajiye mata a tafi. Dunƙulen ɓurɓushin zare ne, ja, mai laushi. Shekara ashirin tana share irinsa a ƙarƙashin kekenta. Ko a cikin duhu aka ba ta za ta faɗi yadin da ya fito.

"Zan iya taɓa shi ya tashi," in ji mai gyaran, "amma ba zan yaudare ki ba, ba zai yi wata biyu ba. In da hali a sayi sabo. Sai dai sabon ya fi wannan zafi, kar a sa masa ko ɗankwali."

Ta fito ko sallama babu, zaren dunƙule a hannunta. A cikin mota ta yi ta tafasa. Ta zagi dattijon a zuci, da "ya yi ƙoƙari kuwa" ɗinsa. Ta zagi waɗanda suka ƙera abin da ba ya iya ɗaukar riga. Ta koma kan maigidan, mutumin da ya yi wata biyar yana zaune gaban abin nan yana ihun ƙwallo bai taɓa cewa uffan ba. Sai da ta ƙare kowa, sannan muryar Dogo ta faɗo mata. "Umma, abin nan yana zafi fa, a cire masa." Ta ce ƙiwar zuge zif ce ke damunsa. Ya sake faɗa bayan sati biyu, ta ce in ta ƙara ganin gem ɗin a tsirara sai ta kulle shi a kabad. Ashe ran nan da ta gan shi yana fizgar rigar, ceto yake yi. Ita kuma ta mare shi, ta kira shi maƙaryaci a gaban baƙuwa. Haushin kanta ya taso mata har sai da idonta ya yi ja.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ta gan ta sarai. Ta shiga gida ta ce mai gyara ya ce ya mutu, a sayi sabo. Maigidan zai washe baki, Auta ta yi tsalle, Dogo ya ga farin akwati ya huce a hankali. Ba wanda zai je ya tambayi dattijon. Har ta kai hannu taga za ta saki zaren, sai ta tuna da kwanon da take ɗaukewa a rufe kullum. Yaron ya san gaskiya. In ta yi shiru, zai san ita ma ta sani.

Da la'asar ta tara su a falo. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama. Ta dangwarar da gem ɗin a tebur, ta ajiye jan zaren a gefensa.

"Bai faɗi ba," ta ce, kamar mai faɗa. "Rigar ce ta toshe masa iska ya ƙone. Ni na kashe shi."

Maigidan ya fara wata 'yar dariya, ta juyo kansa. "Ka kuskura! Kai da kake zaune gabansa kullum, hannunka bai taɓa jin zafin ba? Kana tsaye na mari yaron nan, ko tari ba ka yi ba!" Dariyar ta koma ciki.

"Za a sayi sabon," ta ci gaba. "Dogo ne zai zaɓa."

"Ni ba na so," in ji Dogo.

Auta ta buɗe baki, babanta ya dafa ta.

"Sau biyu na faɗa miki," Dogo ya ce. "Na rantse miki da Allah, kika ce min maƙaryaci."

"Na sani." Ta tura maganar ta fito da ƙyar. "A gabansu na mare ka, a gabansu nake faɗa. Na zalunce ka. Gobe in matar nan ta zo karɓar ɗinkinta ita ma zan gaya mata. Ka yafe ni."

Ya goge hanci da bayan hannu, ya juya zai fita. Zai wuce ta gefen talabijin sai ya dakata. Ya ɗora tafinsa a kan dikoda, wadda ke cikin koriyar rigarta mai leshi a baki, ya ɗan jima a haka.

"Umma," ya ce, bai waiwayo ba. "Wannan ma ta yi zafi."

Rigar tana da zif, ita ta sa shi da hannunta. Ba ta bi ta kan zif ɗin ba. Ta wuce ɗakin ɗinki ta ɗauko babban almakashi.